Ƙwai a baka ko kaza a akurki: yaushe ya dace ƙungiyar besbol ta ba da matasanta don ta karɓo tauraro?

A kowace shekara, idan watan Yuli ya doshi ƙarewa, ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wato MLB, sukan rabu gida biyu, masu saye da masu sayarwa. Kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa, wadda bisa al'ada ake rufewa ranar 31 ga Yuli ko kusa da ita, dole shugabannin kowace ƙungiya su yanke shawara ko za su kwashi matasan da suka shafe shekaru suna reno a ƙananan gasanni su miƙa wa wata ƙungiya domin karɓo gwani guda da ya riga ya yi suna, ko kuwa za su riƙe matasan su jira lokacinsu. Magoya baya ma haka suke rabuwa, kuma gardamar takan yi zafi domin kowane ɓangare yana da labarin da yake kafa hujja da shi. Ra'ayina, idan aka duba musayoyin da suka fi shahara tun daga 1987 zuwa yau, shi ne cewa in dai tauraron na gaske ne, kuma da sauran shekaru a kwantiraginsa, mai saye ne ya fi yawan cin riba. Asarar da ake ta ba da labarinta yawanci ta faru ne inda aka ba da yaro mai daraja don karɓo wanda bai kai tauraro ba, ko kuma inda ƙungiyar da ƙarfinta bai kai ba ta shiga kasuwa kamar wadda ke dab da kofi.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ta Turai sai ya fara ajiye abin da ya sani a gefe. A can, ƙungiya takan biya kuɗi ta sayi ɗan wasa. A besbol kuwa 'yan wasa ake musayarwa da 'yan wasa, don haka matasan da ke ƙananan gasanni su ne kuɗin da ake shiga kasuwa da shi. Abin da ya ba su wannan daraja shi ne ƙa'idar da ta ce ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so sai ya cika shekaru shida a babbar gasa. A shekaru ukun farko ana biyan sa albashin da bai wuce mafi ƙanƙanta da nisa ba, wanda a 2024 ya kasance dala 740,000, sannan a sauran shekarun albashin yana hawa ta hanyar sasantawa ko hukuncin masu shiga tsakani, amma duk da haka ba ya kaiwa farashin kasuwa. A ɗaya gefen, Juan Soto ya sa hannu da New York Mets a Disambar 2024 a kan dala miliyan 765 na shekaru 15, wato miliyan 51 a shekara. Ke nan ƙungiyar da ta samu matashi guda da ya zama gwani ta samu aikin miliyoyin daloli a kan kuɗi kaɗan har tsawon shekaru shida, kuma ga ƙungiyoyin ƙananan birane kamar Tampa Bay, Cleveland ko Milwaukee, wannan ce kusan hanya ɗaya tilo ta yin gogayya da masu kuɗi irin New York Yankees da Los Angeles Dodgers. Haka nan babu faɗawa ƙaramar gasa a besbol, saboda haka ƙungiya za ta iya sayar da duk gwanayenta, ta sha kashi shekara uku ko huɗu tana tara matasa, ba tare da ta rasa gurbinta ba.

Matsalar matashi ita ce alƙawari ne da ba a cika ba tukuna. Kafin ya iso babbar gasa sai ya haye matakai huɗu, kuma a kowane mataki masu jifa, wato masu wurga ƙwallo, suna ƙara wayo, masu bugu, wato masu dukan ƙwallon da sanda, suna ƙara haƙuri, har wanda ya gagara a mataki na farko ya zo ya kasa taɓuka komai a na uku. Masu jifa sun fi kowa shiga haɗari, domin jijiyar gwiwar hannu takan tsinke, a yi musu tiyatar da ake kira Tommy John, wadda ke cin shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi kafin mutum ya dawo, in ma ya dawo yadda yake. Mujallar Baseball America da wasu irinta sukan fitar da jerin matasa 100 mafiya daraja a kowace shekara, kuma magoya baya sukan haddace jerin kamar tabbas ne, alhali duk wanda ya koma ya duba tsoffin jerin zai tarar da sunaye masu yawa a sama waɗanda a yau ba wanda ke tuna su.

Shi ma tauraron yana da iyakarsa, kuma wannan ce hujjar da masu son riƙe matasa suka fi ƙarfi a kanta. Besbol wasa ne da ba ya barin mutum ɗaya ya ɗauki ƙungiya a kansa. Mai bugu, komai gwanintarsa, sai ya jira sauran takwas sun yi nasu kafin layi ya sake zagayowa kansa, don haka sau huɗu ko biyar kawai yake tsayawa a wasa. Mai jifan da ke buɗe wasa kuwa sau ɗaya yake fitowa a cikin wasanni biyar. Masu lissafin besbol suna da ma'aunin da ke auna yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya idan aka kwatanta shi da wanda za a iya ɗaukowa daga benci, kuma a kan wannan ma'auni, wanda ya ƙara nasara shida a kakar wasanni 162 babban tauraro ne. Idan aka karɓo shi a ƙarshen Yuli, kashi ɗaya cikin uku na kaka ya rage, wato abin da ake saye bai wuce nasara biyu ba. Bayan haka ga wasannin fitar da gwani na Oktoba, inda jerin wasa uku, biyar ko bakwai ke yanke hukunci, kuma sa'a tana da babban rabo a ciki. Seattle Mariners sun ci wasa 116 a 2001 amma ba su kai wasan ƙarshe ba. St. Louis Cardinals sun ɗauki kofi a 2006 da nasara 83 kacal. A 2023 Atlanta, Baltimore da Dodgers, waɗanda kowaccensu ta ci wasa 100 ko fiye, duk sun fita a zagayen farko da suka buga, yayin da Arizona mai nasara 84 ta kai World Series, wato zagayen ƙarshe na cin kofin gasar. Babu tauraron da zai iya sayo wa ƙungiya tabbacin kofi.

Labarai uku ne masu adawa da saye suka fi kawowa, kuma ya kamata a dube su da kyau. A Agustan 1987 Detroit Tigers suka ba Atlanta wani mai jifa ɗan shekara 20, John Smoltz, wanda a lokacin yake fama a ƙaramar gasa, suka karɓo mai jifa Doyle Alexander mai shekara 36. Alexander ya yi abin da aka kawo shi ya yi, domin ya ci wasa tara bai faɗi ko ɗaya ba, Detroit ta lashe shiyyarta, sai dai Minnesota ta fitar da ita a zagaye na gaba. Smoltz kuwa ya yi shekaru ashirin a Atlanta, ya ɗauki kofi a 1995, ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 1996, aka shigar da shi zauren karrama gwanaye da ke Cooperstown a 2015. A Agustan 1990 Boston Red Sox suka ba Houston Jeff Bagwell, wanda Wade Boggs ya tare wa gurbi, domin karɓo Larry Andersen ɗan shekara 37, mai jifan canji, wato wanda ke karɓar wani mai jifa bayan an fara wasa. Andersen ya yi wata guda da 'yan kwanaki ya tafi San Diego, Bagwell kuma ya buga hom-ron, wato bugun da ke tsallakar da ƙwallo bayan katangar fili, har 449 a Houston, shi ma ya shiga Cooperstown a 2017. Na uku shi ne na Yunin 2016, lokacin da Chicago White Sox suka haɗa da wani yaro ɗan shekara 17, Fernando Tatis Jr., wanda bai taɓa buga wasan ƙwararru ko ɗaya ba, a cikin abin da suka ba San Diego don karɓo James Shields mai shekara 34, wanda ƙarfinsa ya riga ya fara ja da baya.

Duka ukun asara ce, babu musu. Amma a cikin Alexander, Andersen da Shields na 2016, babu ko ɗaya da za a kira tauraro a ranar da aka karɓo shi. Tsofaffi ne da aka ɗauko don toshe wata kafa. Darasin da ke cikin waɗannan musayoyi ya fi shafar yadda ƙungiya ke sanin darajar yaranta, domin Boston da White Sox ba su san abin da ke hannunsu ba, kuma ba a kan farashin tauraro suka yi asarar ba.

Idan aka juya ga musayoyin da aka yi don taurari na gaske masu ƙuruciya, hoton yakan canza sosai. A Disambar 2007 Detroit ta aika 'yan wasa shida zuwa Florida Marlins, ciki har da Cameron Maybin da Andrew Miller waɗanda ke cikin matasan da aka fi yabawa a ƙasar, ta karɓo Miguel Cabrera mai shekara 24 tare da Dontrelle Willis. Willis bai yi amfani ba, amma Cabrera ya zauna a Detroit har ya yi ritaya a 2023, ya zama gwarzon ɗan wasa a 2012 da 2013, kuma a 2012 ya jagoranci American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar, a manyan fannoni uku na bugu gaba ɗaya, abin da ba wanda ya yi tun Carl Yastrzemski a 1967. Detroit ta lashe shiyyarta sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014. Daga cikin shidan da Marlins suka karɓa, Miller ne kaɗai ya zama gwani, shi ma sai bayan shekaru, a wasu ƙungiyoyin, bayan an mai da shi mai jifan canji. Marlins ɗin nan suka sake yin irin wannan a Janairun 2018, suka ba Milwaukee Christian Yelich a kan matasa huɗu da Lewis Brinson ke jagoranta. Yelich ya zama gwarzon ɗan wasa a shekarar, Milwaukee ta kai wasa na bakwai na zagayen dab da na ƙarshe, kuma babu ɗaya daga cikin huɗun da ya samu gindin zama a Marlins.

Musayar Chris Sale ta fi koyar da darasi, saboda farashin da aka biya shi ne mafi tsada da ake iya biya. A Disambar 2016 Boston ta ba White Sox Yoán Moncada, wanda wasu jerin suka ɗora a matsayi na ɗaya a duk ƙasar, da Michael Kopech mai jifa da gudun mil 100 a awa, da wasu biyu. Abin da ta karɓa shi ne mai jifa ɗan shekara 27 da ya rage wa kwantiraginsa shekaru uku a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 40 ba gaba ɗaya. A 2017 Sale ya fitar da masu bugu 308 da jifa zalla, ba tare da sun iya buga ƙwallon cikin fili ba. A Oktoban 2018, a wasa na biyar na World Series a filin Dodgers, shi aka kira ya rufe zango na tara, wato na ƙarshe a wasan, ya fitar da masu bugu uku a jere, na ƙarshensu Manny Machado, wanda ya kai wa ƙwallo sara ya rasa har ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Moncada ya yi kaka ɗaya mai kyau ƙwarai a 2019, daga nan rauni ya yi ta damun sa, Kopech kuma aka yi masa tiyatar gwiwar hannu, ya rasa kakar 2019, sannan ya janye daga ta 2020. Dave Dombrowski, wanda ya jagoranci harkar 'yan wasa a Detroit sannan a Boston, shi ne ya ƙulla musayar Cabrera da ta Sale duka biyu, kuma duk da kofin, Boston ta sallame shi a Satumbar 2019, lokacin da albashin 'yan wasa ya yi nauyi, matasa kuma suka yi ƙaranci. Wannan shi ne kuɗin da mai saye ke biya daga baya, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Abin da ya biyo baya ma ya ƙara tabbatar da batun daga ɗaya gefen: a Fabrairun 2020 Boston ta sayar da Mookie Betts ga Dodgers a kan Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong. Dodgers suka ɗaure Betts da kwantiragin shekaru 12 a kan dala miliyan 365, suka ɗauki kofi da shi a 2020, suka sake a 2024. Downs, wanda aka ɗauka shi ne matashin da ya fi daraja a cinikin, Boston ta sake shi kafin 2022 ta ƙare.

Wani nau'in ciniki dabam shi ne na haya, wato karɓo tauraron da kwantiraginsa zai ƙare bayan wata biyu ko uku. A nan ne hukunci ya fi wuya, kuma a nan ne matsayin ƙungiya a tebur ya fi komai muhimmanci. A Yulin 2016 Chicago Cubs ce ke kan gaba a duk gasar, rabonta da kofi tun 1908, kuma abu ɗaya da ta rasa shi ne amintaccen mai rufe wasa, wato mai jifan da ke kare nasara a zangon ƙarshe. Sai ta ba Yankees Gleyber Torres ɗan shekara 19, matashin da ya fi kowa daraja a hannunta, tare da wasu uku, ta karɓo Aroldis Chapman na wata uku. Yadda abin ya ƙare yana nuna ƙarfin wannan hanya da rauninta a dare ɗaya. A wasa na bakwai a Cleveland, Chapman ya shigo a zango na takwas a gajiye saboda yawan aikin da aka ba shi a kwanakin baya, Rajai Davis ya buga masa hom-ron da ya mai da wasa 6 da 6, aka tsaya saboda ruwan sama na minti 17, sannan Cubs ta ci 8 da 7 a zango na goma. Chapman ya koma Yankees a Disamba a kan dala miliyan 86, Torres kuma ya shiga wasan taurari, wanda ake zaɓo wa gwanayen shekara, a 2018 da 2019, ya buga hom-ron 38 a 2019. A lissafin nasarori zalla Yankees ta ci riba nesa ba kusa ba, amma ba na jin akwai mai goyon bayan Cubs da zai yarda a warware cinikin. Ya kamata kuma a lura cewa Cubs tana da Addison Russell da Javier Báez, matasa biyu a gurabun da Torres ke bugawa, don haka daga abin da ya yi mata yawa ta bayar.

Milwaukee ta yi irin wannan a 2008 da CC Sabathia, wanda ya ci wasa 11 ya faɗi biyu, ya riƙa fitowa da hutun kwana uku kawai a makonnin ƙarshe, har ya kai ƙungiyar wasannin fitar da gwani a karon farko tun 1982. Matt LaPorta, babban matashin da aka bayar, bai zama komai ba, sai Michael Brantley da aka cika cinikin da shi daga baya ne ya zama gwani a Cleveland, abin da ke nuna cewa su kansu masu ciniki ba koyaushe suke sanin wanne ne tsoka a cikin abin da suka bayar ba.

Hayar da ta fi muni ita ce ta ƙungiyar da ke tsaka-tsaki. A Yulin 2021 Mets suka ba Cubs Pete Crow-Armstrong don karɓo Báez na wata biyu. Báez ya taka rawar gani, amma Mets suka gama da nasara 77, ba su shiga wasannin fitar da gwani ba, Báez ya tafi Detroit, Crow-Armstrong kuma ya zama ɗan wasan taurari a Chicago a 2025. Los Angeles Angels sun fi haka shan wuya a 2023. Tauraronsu Shohei Ohtani yana shekararsa ta ƙarshe a kwantiragi, kuma da sun sayar da shi da sun kwaso matasa masu yawa, amma suka zaɓi riƙe shi, suka ba da Edgar Quero da Ky Bush don karɓo Lucas Giolito da Reynaldo López, alhali suna bayan ƙungiyoyi da dama a tseren. Suka buɗe Agusta da faɗuwa bakwai a jere, kafin watan ya ƙare suka saki waɗanda suka sayo kyauta don rage albashi, suka gama da nasara 73, Ohtani kuma ya tsallaka zuwa Dodgers a kan dala miliyan 700. Tun da aka faɗaɗa wasannin fitar da gwani zuwa ƙungiyoyi 12 a 2022, irin wannan ruɗi ya ƙaru, domin kusan kowace ƙungiya takan ga kanta kusa da gurbi na ƙarshe a watan Yuli, ta manta cewa wasu huɗu ko biyar ma haka suke gani.

Akwai musayoyin da aka yi don taurari na gaske amma mai sayarwa ya yi rinjaye, kuma adalci ne a ambace su. A Yunin 2002 Montreal Expos, waɗanda a lokacin ake barazanar rushe su gaba ɗaya, suka ba Cleveland Cliff Lee, Grady Sizemore da Brandon Phillips don karɓo Bartolo Colón. Dukan ukun sun zama taurari, Lee har ya lashe Cy Young a 2008, Expos kuma ba su kai ko'ina ba, suka sayar da Colón bayan wata shida. A 2007 Atlanta ta ba Texas matasa biyar don Mark Teixeira, ciki har da Elvis Andrus, Neftalí Feliz da Matt Harrison, waɗanda suka taimaka wa Texas ta kai World Series a 2010 da 2011, ita kuwa Atlanta ba ta shiga wasannin Oktoba da Teixeira ba, ta sayar da shi bayan shekara guda. A duka biyun, mai sayen ƙungiya ce da ba ta kan gaba a shiyyarta, kuma ba ta da halin riƙe tauraron.

Cinikin Juan Soto na 2 ga Agustan 2022 shi ne wanda har yanzu ake gardama a kansa, kuma yana da fuska biyu na gaske. Soto yana da shekara 23, ya ƙi tayin Washington Nationals na dala miliyan 440, kuma saura shekara biyu da rabi ya samu 'yanci. San Diego Padres, ƙarƙashin A.J. Preller wanda ya yi suna wajen rashin tsoron ba da matasa, suka miƙa CJ Abrams, MacKenzie Gore, James Wood, Robert Hassell III, Jarlin Susana da Luke Voit, suka karɓo Soto da Josh Bell. A shekarar suka fitar da Mets da Dodgers kafin Philadelphia ta tsayar da su a zagayen dab da na ƙarshe. A 2023 suka gama da nasara 82 ba su shiga ba, kuɗi ya yi musu ƙaranci, sai suka sayar da Soto ga Yankees a Disamba. Abrams ya shiga wasan taurari a 2024, Wood da Gore suka shiga a 2025, kuma samun uku daga ciniki ɗaya abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Duk da haka akwai abubuwa biyu da ake mantawa. Na farko, Padres ba su tashi hannu rabbana ba, domin a sayar da Soto sun samu Michael King wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jifansu, da Drew Thorpe wanda suka yi amfani da shi wajen karɓo Dylan Cease. Tauraro mai sauran shekaru kadara ce da ake iya sake sayarwa, saɓanin ɗan haya. Na biyu, Washington ta faɗi wasa 107 a 2022, ta faɗi 91 a 2023, ta sake faɗuwa 91 a 2024. Cin riba a ciniki bai zama cin wasa ba idan babu sauran 'yan wasan da za a kewaye matasan da su.

Ga mai son ya yanke wa cinikin ƙungiyarsa hukunci tun ranar da aka yi shi, abu na farko da zai duba shi ne shekarun da suka rage wa tauraron da kuma shekarunsa na haihuwa. Ɗan shekara 24 zuwa 28 mai sauran kaka biyu ko uku ya cancanci a ba da matashi na ɗaya a kansa, har da na biyu, domin abin da ake fata matashin ya zama shi ne abin da wannan ya riga ya zama. Ɗan haya kuwa bai cancanci babban matashi ba sai ga ƙungiyar da ta riga ta tabbatar da gurbinta, tana neman abu guda da ta sani, kuma yawanci mai jifa ne, domin a Oktoba akwai ranakun hutu da ke ba da damar a yi ta amfani da gwanayen masu jifa fiye da yadda ake yi a tsakiyar kaka. Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ƙara rage darajar haya: idan ɗan wasa ya yi kaka cikakkiya a ƙungiya sannan ya tafi, ƙungiyar tana iya samun diyyar gurbi a zaɓen sabbin 'yan wasa, amma wanda aka karɓo a tsakiyar kaka ba ya kawo wannan diyya.

Sai kuma a dubi wane irin matashi ne ake bayarwa. Mai bugun da ya riga ya nuna kansa a mataki na uku ko na huɗu ya fi wuyar rabuwa da shi, domin kusan ya gama cin jarrabawarsa. Mai jifan da ke matakin farko, komai gudun ƙwallonsa, yana da doguwar tafiya da haɗarin rauni a gabansa, kuma shi ne ya fi dacewa a saka a ciniki. Wanda wani gwani ya tare wa gurbi ma ana iya bayarwa, amma a kan farashinsa na gaskiya, wanda shi ne abin da Cubs ta yi da Torres, Boston kuma ta kasa yi da Bagwell. Riƙe kowa da kowa ba shi yiwuwa ko da an so, saboda jerin 'yan wasan da ƙungiya ke iya karewa 40 ne kawai, kuma matashin da ya cika wasu shekaru ba a saka shi ciki ba, wata ƙungiya za ta iya ɗauke shi a zaɓen Disamba a kan kuɗi kaɗan.

Yawan riƙo ma yana da nasa farashin, ko da yake ba a cika lissafa shi ba saboda babu ranar da za a nuna a ce ga inda aka yi kuskuren. Baltimore ta tara matasan da suka fi na kowa, ta ci wasa 101 a 2023, amma ta yi taka-tsantsan a kasuwar Yuli duk da ƙarancin masu jifa, Texas kuma ta share ta wasa uku ba ko ɗaya. Ta karɓo Corbin Burnes a Fabrairun 2024 na shekara guda, aka sake fitar da ita ba tare da ta ci wasa ba, wannan karon a hannun Kansas City, Burnes ya wuce Arizona, alhali agogon shekaru shida na matasanta yana ta tafiya. Ita Kansas City ɗin ta taɓa bin ɗaya hanyar. A Disambar 2012, lokacin da rabonta da wasannin Oktoba tun 1985, ta ba Tampa Bay Wil Myers, ɗaya daga cikin matasan da aka fi yabawa a ƙasar, tare da Jake Odorizzi da wasu biyu, ta karɓo James Shields, wanda a lokacin yake kan ganiyarsa da sauran shekaru biyu a kwantiragi, da Wade Davis. Masana da yawa sun yi tir da cinikin, Myers kuma ya lashe kyautar gwarzon sabon ɗan wasa a 2013, abin da ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. A 2014 Kansas City ta kai wasa na bakwai na World Series. A Yulin 2015 ta sake ba da matasa biyar don hayar Johnny Cueto da Ben Zobrist, a lokacin da take kan gaba a shiyyarta da tazara mai yawa, ta kuma doke Mets ta ɗauki kofi, Davis ne ya yi jifan ƙarshe. Bayan 2017 manyan 'yan wasanta suka watse, ta faɗi wasa sama da 100 a 2018 da 2019, ba ta sake ganin wasannin Oktoba ba sai 2024.